Ni na buge yayana, aka ɗora ma aljanun rijiya

Assalamu alaikum Admin da jama'ar wannan gida. Don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da zan kira ma duk ba na gaskiya ba ne. Saƙon nan na rubuta shi na goge ban san sau nawa ba, yau dai na ce ko mi za a ce mani a ce, don lokaci ya ƙure mani. Don Allah ku ba ni shawara. Wanda zai zage ni ya zaga, na ci zagi, amma in ya gama ya gaya mani abin yi.

Ni mutumin Dakoro ne, kabu-kabu nake yi da babur cikin gari, amma gidanmu na wani ƙauye ta hanyar Korahane. Mu biyu ne maza wurin Innarmu, Yaya Ilu shi ne ɗan fari, ni ne auta, tsakaninmu mata uku duk suna gidajen mazansu. Babanmu ya rasu ina ƙarami, Yaya ne ya riƙe gona da 'yan shanun da aka bar mana, shi ne kuma ya tsaya kai da fata sai an sa ni lakwal, wato makarantar boko, ya ce gida ɗaya ba za a taru duka a bayan shanu ba. Mutum ne mai kirki wallahi, amma yana da baki, in ya kama ka da tsokana sai ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. Ni kuma ga zuciya, auta ne, an saba lallashina, ba a saba yi mani dariya ba.

Shekara biyu da 'yan watanni ke nan. Na faɗi bak, jarabawar gama sakandare, sau biyu, na tattara na dawo gida ina jin haushin kowa, sai Yaya ya ce tunda na dawo in riƙa bin shi rijiya ba da ruwa. Wanda bai san rijiyoyinmu na nan ba, zurfi gare su na gaske, sa ne ke jan igiya ya yi tafiya mai nisa kafin wasaki, babban gugan fata, ya fito, kuma kowa da lokacinshi, in naka ya wuce sai gobe. Ranar nan cikin bazara mu ne na ƙarshe, rana ta take tsaka, ni na ɗaura wasakin a igiya, ashe ƙullin bai kama ba. An cika shi an fara ja, sai ya kwance ya koma ƙasa da ruwanshi. Akwai wasu Fulani da Buzaye da suka gama shayarwa suna shirin tafiya, Yaya ya juya wajensu ya ce su zo su ga malamin da lakwal ta koro, ga rijiya ma ta ƙi shi, shekara goma sha uku yana riƙe da biro amma ƙulli ɗaya ya gagare shi. Suka yi ta dariya har suka kora dabbobinsu suka tafi suna waiwayena.

Muka rage mu biyu. Ya tsuguna yana ɗaura ƙugiya a igiya don a ciro wasakin, ya ba ni baya, bai daina ba, har waƙa ya mayar da abin. Akwai sandar kiwo a hannuna mai kai, shi da kanshi ya sassaƙa mani ita satin da na dawo. Ba zan ce maku shaiɗan ba ne, don na gaji da ɗora ma wasu laifina. Ni ne na ɗaga ta da hannu biyu na sauke mashi a bayan kunnen dama. Bai yi ihu ba, ya dai kife a gefe ƙafafunshi na karkarwa. Na kira shi, na girgiza shi, na kwara mashi ruwan komin shanu, shiru. Jini na fitowa ta kunnenshi kaɗan-kaɗan. To ku ji abin da na yi, a nan ne kunyar take. Maimakon in ruga in kira mutane, sai na wanke jinin tas, na naɗa mashi rawaninshi yadda yake, na jefa sandar cikin rijiya, sannan na ɗora shi a amalanke na kawo shi gida. Aka tambaye ni, na ce muna cikin aiki kawai ya yanke jiki ya faɗi.

Bai farfaɗo ba sai washegari da la'asar, ya tashi da amai, ido ɗaya a kumbure, bai san inda yake ba. Kun san ɗan fari, Inna tunda nake ban taɓa jin ta kama sunanshi ba, sai dai ta ce wancan, ko ta ce babban gida, ko kallonshi ba ta yi a gaban mutane. Ranar nan ta yar da kunyar, ta ɗora kanshi a cinyarta ɗaki cike da mata, ta ce, "Ilu, mi ya same ka?" Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, can ya ce, "An buge ni." Ina tsaye bakin ƙofa, na ce a raina shi ke nan asirina ya tonu. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta rafka salati, ta ce ai ga shi nan ya faɗa da bakinshi, bugun mutanen ɓoye ne, wa ke tsayawa bakin waccan rijiya rana tsaka. Baffanmu, ƙanen babanmu wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya ce dama tun suna yara an san rijiyar nan da masu ita. Kowa ya kama, ba wanda ya ko kalle ni. Kalma biyu ce ta rage in faɗa, ni ne, ban faɗa ba.

Bayan kwana uku da Inna ta ga ɗanta bai iya riƙe ludayi, ta tara mu tsakar gida ta ɗaga hannu sama, ta ce wanda ya taɓa mata ɗa, mutum ne ko aljan, ba ta yafe ba duniya da lahira, Allah ya hana mashi kwanciyar hankali yadda ya hana mata. Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, da bakina, don tana kallona. Kuma wallahi addu'ar ta kama, tun ranar ban ƙara sanin daɗin rai ba.

Ya tashi, ya yi tafiya, aka ce Alhamdu lillahi sun sake shi. Amma ba Yayan da muka sani ya tashi ba. Mutumin da ya san kowace saniya da sunanta da na uwarta, yanzu sai ya tsaya cikin garke yana tambaya ta wa ce wannan. Ka gaya mashi magana da safe, kafin azahar ta tafi. Zai ce a miƙo mashi buta sai ya ce a miƙo mashi akuya, in an yi dariya ya fashe da kuka kamar yaro, shi da ke sa gari dariya. Hancinshi ya daina jin ƙamshi da wari, kullum faɗa da matarshi Rabi wai ba ta sa daddawa a miya ba, rannan tuwo ya ƙone ƙurmus yana zaune kusa da murhu bai ji ba. Ciwon kai kuwa ba a magana, in ana daka a gida sai ya toshe kunne ya bar unguwar, hasken rana ma ba ya so. Ga fushi na ba gaira ba dalili, ya zagi wanda bai taɓa zagi ba, in ya huce ya zauna yana ba da haƙuri bai ma san mi ya yi ba. Wata bakwai bayan abin sai farfaɗiya ta fara, ya faɗi yana shure-shure da kumfa a baki. Aka ce to sun dawo. An yi rubutu, an yi turare, an yi ruƙiyya, an kai sadakar gumba da nono bakin rijiya, duk ina tsaye, wani lokacin ma ni ake aika in sayo kayan.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne sunan da na yi. Na bar maganar karatu na kama kabu-kabu don in riƙe gidan, kullum na tashi aiki sai na je ƙauye na duba shi, ni ke kai shi masallacin Juma'a, ni ke yi mashi aski. Gari ya ɗauka, ana cewa a yi koyi da wane, ɗan'uwa rabin jiki, Inna kuwa ba ta buɗe baki ba ta sa mani albarka ba. To askin nan ba don ƙauna na fara shi ba. Inda sandar ta sauka ƙashin ya lotsa, yatsa na shiga ciki, kuma na san ranar da wanzami ya ɗora hannu a wurin zai gane, don su sun san kan mutum. Shi ya sa na sayi reza na ce ni zan riƙa yi mashi, ba ya son hannun kowa, in na gama in kifa mashi hula. Shekara biyu ina rufe ramin da na yi da hannuna ana sa mani albarka. Ku gaya mani in akwai munafukin da ya kai ni.

Watan jiya ya faɗi a kan murhu ya ƙone hannu, dole muka kawo shi asibiti nan Dakoro, ni da Inna da Baffa. Likitan da ya duba shi bai tsaya a ƙunar ba, ya yi ta tambayoyi, yaushe farfaɗiyar ta fara, da can yana yi, akwai mai yi a dangi. Sai ya cire mashi hula ya bi kan da yatsu, ya tsaya daidai wurin. Ya ɗago ya ce wannan mutumin ya taɓa faɗuwa daga babur, ko dabba ta harbe shi, ko an doke shi da wani abu? Baffa ya ce ga wanda ke tare da shi ranar nan, ya nuna ni. Likita ya kalle ni ya ce in tuna da kyau, ko da ya faɗi kanshi ya bugi bakin komi ko dutse. Na ce a'a, a kan rairayi ya faɗi. Ban san ya aka yi bakina ya faɗi haka ba, tsoro ne kawai, ga Inna zaune tana kallona.

Likitan bai ce ƙarya nake ba, amma na ga haka a idonshi. Ya yi mana bayani a hankali, ya ce duka mai ƙarfi a kai yana iya raunata ƙwaƙwalwa ko da fata ba ta tsage ba, kuma raunin yana barin tabo a ciki, tabon ne ke kawo farfaɗiya bayan watanni, da mantuwa, da canjin hali, har da rashin jin ƙamshin nan. Ya ce shi ba zai yi mana alƙawarin Yaya zai koma kamar da ba, amma a kai shi Maradi a ɗauki hoton kan, wanda suke ce ma skanar, a ga abin da ke ciki da abin da za a iya yi. Ya rubuta ƙwayoyin farfaɗiya, ya ja mana kunne da abu biyu, kada a yanke maganin ko na kwana ɗaya ba tare da an tambaye shi ba, kuma kada a bari wani abu ya ƙara bugun kan nan. Tunda ya fara shan ƙwayoyin sau ɗaya kawai ya faɗi.

Muna fita Baffa ya ce likitoci ke nan, komai sai sun ce hoto, mutumin da ba a doka ba hoton mi za a ɗauka, ramin kai kuwa wa ya sani ko da shi aka haife shi. Na ce Baffa a dai gwada Maradin, ni zan kai shi. Ya ce kai da bakinka ka ce a kan rairayi ya faɗi, ko akwai abin da ka gani ba ka faɗa ba? Ƙaryata ita ta ɗaure ni, ba ni da bakin gardama.

Sati biyu da suka wuce ɗiyarshi ƙarama tana kuka, kukan ya shiga mashi kai, ya ɗauki kwano ya wurga, Allah ya tsare ya wuce ta gefen kunnenta ya bugi bango. Rabi ta yi haƙuri iya haƙuri, amma iyayenta sun aiko cewa ko a nema mashi magani na gaske ko su zo su ɗauki ɗiyarsu da jikokinsu. Sai Baffa ya samo labarin wani mai magani can wata tunga gaba da Azagor, an ce yana aiki da irin waɗannan, ana kai mutum a bar shi wata biyu ko uku. Na bincika wurin wani direba da ke bin hanyar, ya ce ɗaure mutum ake a turke, in abin ya motsa a sa tsumagiya har sai mai bugun ya yi magana ya faɗi sunanshi, kuma sharaɗin farko ba a shiga da maganin asibiti. An sa rana, Lahadin nan mai zuwa. Inna ta amince tana kuka, ta ce in dai za su sakar mata ɗa.

Shekaranjiya da hantsi na je yi mashi aski don tafiyar, muna ƙarƙashin iccen bedi a bayan gida mu biyu. Ranar kanshi a sake yake, akwai ranakun da yake wayewa kamar ba shi ba. Na zo daidai wurin, sai ya ce, "Auta, kullum in ka zo nan hannunka rawa yake." Na ce reza ce ba ta da kaifi. Ya yi 'yar dariya irin tashi ta da, ya ce, "Ina sandar da na sassaƙa maka? Ban ƙara ganinta ba." Rezar ta faɗi daga hannuna. Bai juyo ba, ya ci gaba da magana yana kallon gabanshi.

"Na manta abu da yawa, amma ban manta mu biyu ne kaɗai a bakin rijiyar ba. Da Inna ta tambaye ni kana tsaye bakin ƙofa, na gan ka. Shi ya sa na ce an buge ni, ban kama suna ba."

Na durƙusa gabanshi ina kuka kamar ba namiji ba, na kama ƙafarshi ina cewa ya yafe mani. Ya ce bakinshi ne ya ja, shi ya yafe tun tuni, in tashi kada a gan ni. Sannan ya riƙe mani hannu da ƙarfi ya ce, "Kada ka gaya ma Inna. Ta riga ta yi baki, in ta san kai ne ba ta iya janyewa, kuma ba ta iya ɗauka. Ɗa guda ya lalace mata, ya isa." Na yi mashi alƙawari, sannan na ce to Yaya ka san inda za a kai ka Lahadi? Ya ce ina? Na gaya mashi, ya ce to Allah ya sa a dace. Kafin in gama share gashin daga wuyanshi ya tambaye ni ko an ba shanu ruwa, shanun da Baffa ya ba wani Bafillace kiwo tun bara. Jiya na koma na ɗan taɓo maganar, ya kalle ni bai san mi nake nufi ba.

Ashe shekara biyun nan da nake ganin ni ke rufa ma kaina asiri, shi ne ke rufa mani, da ɗan hankalin da na bar mashi a kai. Tun shekaranjiya na ɗauki fasinja na wuce da shi inda zai sauka sau biyu.

Ga inda nake jama'a. In na yi shiru na cika mashi alƙawari, Lahadi za a ɗaure shi a turke, a raba shi da ƙwayoyin da suka tsayar da faɗuwar, a doke shi don a fitar da aljanin da babu shi, aljanin yana Dakoro yana kabu-kabu. In na faɗa, Baffa ba shi da sauran hujja, za a tafi Maradi, amma na karya maganar da Yaya ya roƙe ni ranar da hankalinshi ya fi kowace rana dawowa, kuma Inna za ta san ɗan da take sa ma albarka safe da yamma shi ta tsine ma, ga ta da hawan jini. Rabi za ta san wanda ya mayar mata da miji haka, 'ya'yanshi za su tashi su sani. Maganar jandarma ko abin da gari zai ce wallahi ba ita ke gabana ba yanzu, fuskar Inna nake tsoro. Na yi tunanin in faɗi rabi, in ce na tuna kanshi ya bugi komi, amma Baffa ba yaro ba ne, zai ce mi ya hana ni faɗa gaban likita, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, na gaji da haƙa shi. Na yi tunanin in samu Baffa shi kaɗai, amma bai taɓa riƙe magana ta kwana ba Inna ba ta ji ba. Na yi tunanin in ɗauke Yaya a babur in gudu da shi Maradi, to in ya faɗi a hanya fa, kuma in mun dawo in ce mi?

Malaman da ke cikin gidan nan, alƙawarin da na yi mashi ya hau kaina ko da zai cutar da shi? Bakin uwa yana janyuwa in ta yi shi ba ta san ɗanta take yi ma ba? Iyaye mata, in ke ce Inna, za ki so ki sani ko a bar ki cikin duhu? In faɗa ne, ta ina zan fara, wa zan fara samu? Masu aikin asibiti kuma ku gaya mani gaskiya, bayan shekara biyu akwai sauran abin da hoton zai amfana, ko na riga na makara?

Yau Alhamis. Da safen nan Baffa ya aiko mani da igiya, ya ce in ajiye ta wurina, ni zan ɗaure mashi hannu a mota ranar Lahadi, don duk gidan hannuna kaɗai Yaya ke yarda da shi. Tana nan rataye a kan babur ɗina ina kallonta ina rubuta maku wannan. Don Allah ku gaya mani abin da zan yi kafin Lahadi.